Me ƙungiyar farar hula za ta iya yi kan dukiyar da ake sulalewa da ita waje?

Tambaya: Mu ƙaramar ƙungiya ce da ke bibiyar kasafin kuɗi a jiharmu. Kullum muna jin ana cewa biliyoyin daloli na ficewa daga Afirka ta ɓarauniyar hanya. Ba mu da ikon kama kowa, ba mu da ikon rufe asusun banki. Shin akwai abin da irinmu za su iya, ko kuwa aikin gwamnati ne da manyan ƙungiyoyin Turai? In akwai, ta ina ake farawa?

Amsa: Akwai abin yi, kuma ba kaɗan ba. Yawancin abin da aka cim ma a wannan fage cikin shekaru ashirin da suka wuce, 'yan ƙungiya da 'yan jarida ne suka tono shi, suka kai ƙara, suka nace, sannan hukumomi suka biyo baya. Sai dai ku sani tun yanzu cewa aikin takarda ne, na zama da karatu da haƙuri. Ƙungiyar da ta kama kamfani ɗaya, ko kwangila ɗaya, ko sashe ɗaya na doka, ta bi shi shekara uku ko biyar, ita ce ke ganin sakamako. Wadda ta tsaya ga ambaton manyan alƙaluma a taro, za a saurare ta a watse, kuɗin kuma su ci gaba da fita.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ku fara da sanin hanyoyin. Abin da ake nufi da dukiyar da ake sulalewa da ita shi ne duk kuɗin da suka tsallake iyakar ƙasa alhali an same su ta haram, ko an fitar da su ta haram, ko za a yi aikin haram da su. Kwamitin da aka kafa ƙarƙashin tsohon shugaban Afirka ta Kudu, Thabo Mbeki, ya miƙa wa Tarayyar Afirka rahotonsa a Addis Ababa a farkon 2015. Ya ce nahiyar na asarar sama da dala biliyan 50 duk shekara, ya kuma kasa hanyoyin gida uku: harkokin kasuwanci kashi 65 cikin ɗari, manyan laifuka irin su safarar ƙwayoyi da mutane da fasa-ƙwaurin mai da ma'adinai kashi 30, cin hanci da wawurar baitulmali kashi 5. A 2020 hukumar UNCTAD ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa jarin da ke gudu daga Afirka ya kai dala biliyan 88.6 a shekara, wato kashi 3.7 na abin da tattalin arzikin nahiyar ke samarwa. Kada wannan kashi 5 ya ruɗe ku. Kason ƙiyasi ne kawai, kuma cin hanci shi ne man da ke sa sauran biyun tafiya: jami'in da ya kau da kai a tashar jiragen ruwa ba ya cikin lissafin, amma ba don shi ba kwantenar ba za ta wuce ba. Abin da kason ke koyarwa shi ne, mafi yawan kuɗin ba a jaka suke fita ba, a kan takardar ciniki suke fita, da hatimi da sa hannu.

Ga yadda ake yi. A ƙaddara wani kamfani ya sayi riɗi a kasuwannin Jigawa, tan 2,000, a lokacin da tan ɗaya ke dala 1,500 a kasuwar duniya. Kuɗin kayan dala miliyan 3 ke nan. Maimakon ya sayar wa mai saye na gaskiya kai tsaye, sai ya sayar wa wani kamfani a Dubai a kan dala 1,000 kowane tan. Wannan kamfani na Dubai nasa ne, ofis ɗaya ne da tebur. Shi kuma ya sayar wa mai saye a Japan ko Turkiyya a kan farashin gaskiya. Jirgin bai ko bi ta Dubai ba, takarda ce kawai ta bi. A fom ɗin NXP, wato takardar fitar da kaya waje da aka cike a banki, dala miliyan 2 za a gani, kuma su kaɗai doka za ta tilasta a dawo da su gida cikin kwana 180. Dala miliyan 1 ta zauna a waje. Ribar da ya kamata a yanka wa harajin kamfani na kashi 30 ta ɓace daga littafi, gwamnati ta rasa dala 300,000 a ciniki ɗaya, ƙasa kuma ta rasa kuɗin waje.

A wajen shigo da kaya juya abin ake yi. Ana aringizon farashi a Fom M, wato takardar shigo da kaya da ake cikewa a banki, injin dala 200,000 a rubuta shi 500,000, banki ya tura kuɗin, rarar ta sauka a asusun waje. Kafin Yunin 2023, lokacin da dala ke wajen naira 460 a farashin gwamnati tana sama da 700 a hannun 'yan canji, wannan hanya riba biyu ce: an fitar da kuɗi, an kuma sami dala mai araha. Wani kuma rage farashin yake don ya zille wa kuɗin fito na kwastan. Manyan kamfanonin ƙasa da ƙasa ba su cika bin wannan ɗanyar hanya ba. Nasu ya fi laushi: uwar kamfani ta ranta wa reshenta kuɗi da ruwa mai tsada, ta caje shi kuɗin amfani da sunan kaya, kuɗin shawara, kuɗin gudanarwa, duk a biya wani reshe da ke Moriishas ko Holan ko Ailan inda haraji bai taka kara ya karya ba. A ƙarshen shekara reshen da ke ainihin aikin ya nuna asara. Wannan ne ya sa dokar kuɗi ta Najeriya ta 2019 ta ƙayyade ruwan bashin da za a cire kafin haraji, in bashin daga ɗan'uwan kamfani ne a waje, zuwa kashi 30 na ribar aiki.

Sai zinari, wanda ya shafi Zamfara da Neja da yankin Agadas kai tsaye. Ƙungiyar Swissaid ta ƙiyasta a 2024 cewa aƙalla tan 435 na zinari aka yi fasa-ƙwaurinsa daga Afirka a 2022 kaɗai, na kimanin dala biliyan 31, mafi yawansa zuwa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Yadda suka gano ba sihiri ba ne: sun ɗauki abin da ƙasashen da ke saye suka ce sun shigo da shi, suka gwada da abin da ƙasashen Afirka suka ce sun fitar.

A nan ne tarko na farko yake, kuma ya kama ƙungiyoyi masu suna. Wannan hanya ta gwada littafin mai sayarwa da na mai saye, wadda kowa zai iya yi kyauta a rumbun bayanan ciniki na Majalisar Ɗinkin Duniya mai suna Comtrade, tana nuna giɓi, amma ba kowane giɓi ne sata ba. Ƙasar da ta fitar da kaya takan rubuta farashinsa a bakin tasha, wadda ta shigo da shi takan haɗa da kuɗin jirgi da inshora, wannan kaɗai na iya kawo bambancin kashi 6 zuwa 10. Kayan da suka tashi a Disamba sukan isa a Janairu, su faɗa shekara daban. Kayan da aka sauke a Kwatano ko Lome aka shigo da su Najeriya ta ƙasa, mai sayarwa Benin ko Togo ya rubuta. Zambiya ta daɗe tana rubuta cewa tagullarta Suwizalan take zuwa, alhali dillalan ne ke zaune a can, tagullar kuwa Sin take nufa. Wani nazari da UNCTAD ta fitar a 2016 ya nuna giɓin biliyoyin daloli a zinarin Afirka ta Kudu, daga baya aka nuna cewa yawancinsa ya samo asali ne daga yadda ƙasar ke rubuta zinari a wani babi daban. Duk wanda ya ɗauki irin wannan adadi ya ce an sace shi, lauyan kamfani zai rushe shi cikin minti biyar, kuma daga ranar ba wanda zai sake sauraren sauran maganarsa ko da gaskiya ce. Ku ɗauki giɓin a matsayin sawun da za a bi, ba ɓarawon da aka kama ba.

Yanzu ga abin da ya taɓa aiki, da inda ya tsaya.

A Zambiya, wani rahoton binciken kuɗi da hukumar harajin ƙasar ta sa aka yi kan kamfanin haƙar tagulla na Mopani ya fita fili a farkon 2011. Rahoton ya yi zargin cewa kamfanin na sayar wa uwarsa Glencore tagulla ƙasa da farashin kasuwar Landan, yana kuma kumbura kuɗin aiki. Glencore ta musanta. Ƙungiyoyi biyar, ciki har da CTPD ta Zambiya da Sherpa ta Faransa, suka kai koke ƙarƙashin ƙa'idojin OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe masu arziki, suka hana maganar mutuwa. Sai a watan Mayun 2020 Kotun Ƙolin Zambiya ta ba hukumar haraji gaskiya, ta ce a biya kwaca miliyan 240, kimanin dala miliyan 13 a lokacin. Ku lura da abu biyu: shekara tara aka ɗauka, kuma hukumar haraji ce ta yi shari'ar. Aikin ƙungiyoyin shi ne su sa ya zama abin kunya a yi sulhu a bayan fage.

A Kenya, ƙungiyar Tax Justice Network Africa ta kai gwamnati kotu a 2014 kan yarjejeniyar haraji da aka ƙulla da Moriishas. A watan Maris na 2019 babbar kotu ta soke sanarwar da ta tabbatar da yarjejeniyar, don ba a gabatar da ita gaban majalisa ba yadda doka ta tanada. Amma kotun ba ta gamsu da hujjar asarar kuɗi ba, don ba a kawo mata alƙaluman da ke tabbatar da ita ba, kuma ba a yi wata guda ba gwamnatin ta sa hannu a wata sabuwa. An yi nasara ta ƙofar ƙa'ida, an rasa ta ƙofar hujja. Senegal da Zambiya kuwa da kansu suka soke tasu yarjejeniyar da Moriishas, bayan shekaru ana fallasa yadda ake bin ta ana tsere wa haraji.

A Faransa ƙungiyoyi sun buɗe wata ƙofa da ta amfani kowa. Tun 2007 Sherpa da abokanta suka shigar da ƙara kan kadarorin da iyalan wasu shugabannin Afirka suka tara a Faris. Masu gabatar da ƙara suka yi ta rufe fayil. A Nuwamban 2010 kotun ƙoli ta yanke cewa reshen Transparency International na Faransa na da hurumin shiga shari'ar. Daga nan aka kai ga hukunta Teodorin Obiang, ɗan shugaban Ikwatoriyal Gini, a 2017, hukuncin ya tabbata a 2021, aka ƙwace kadarori ciki har da katafaren gida a titin Foch. A shekarar ne kuma Faransa ta yi dokar mayar da irin wannan dukiya ga al'ummar ƙasar da aka sato ta. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: kuɗin ba sa tsayawa a iska, akwai banki da lauya da dillalin gida da ke karɓarsu, kuma sau da yawa ya fi sauƙi a kama su a can fiye da a gida.

Labarin rijiyar mai ta OPL 245 ya kamata kowace ƙungiya a Najeriya ta san shi, don yana nuna iyakar abin. A 1998 ministan mai Dan Etete ya ba kamfanin Malabu rijiyar, daga baya ta bayyana yana da hannu a kamfanin a ɓoye. A 2011 Shell da Eni suka biya dala biliyan 1.3, kusan biliyan 1.1 daga ciki suka shiga asusun gwamnatin tarayya a Landan, aka tura mafi yawansu ga Malabu. Ƙungiyoyin Global Witness da Corner House da Re:Common da HEDA ta Legas suka bi sawun, suka kai koke Italiya da Ingila. Aka riƙe wasu kuɗin a Landan, sama da dala miliyan 70 suka dawo Najeriya. Amma a Maris na 2021 kotun Milan ta wanke kamfanonin da duk waɗanda ake tuhuma, a 2022 kuma Najeriya ta faɗi ƙarar da ta kai bankin JP Morgan. Wanda ya auna aikin da ɗauri kaɗai zai ce an yi asara. A ganina ba haka ba ne. Wannan badaƙala ce ta zama hujjar da aka riƙa kafawa da ita har aka sami dokar bayyana ainihin masu kamfani, kuma wannan doka ita ce makamin da ke hannunku yau.

Shugaba Buhari ya yi alkawarin rajistar ainihin masu kamfani a taron yaƙi da rashawa na Landan a Mayun 2016. Hukumar NEITI, mai bin diddigin kuɗin mai da ma'adinai, ta buɗe tata ta kamfanonin mai da ma'adinai a Disamban 2019. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa duk wanda ke da kashi 5 ko fiye na hannun jari ko ƙuri'a, ko yake juya kamfani ta wata hanya, ya bayyana kansa, hukumar rajistar kamfanoni ta CAC kuma ta buɗe rajistar ga jama'a a Mayun 2023. Kashi 5 ba ƙaramin abu ba ne, don a Ingila sai mutum ya wuce kashi 25 ake rubuta shi. A Tarayyar Turai ma kotu ta rufe wa jama'a ƙofar irin wannan rajista a Nuwamban 2022. Abin da ya rage a nan shi ne tantancewa: kamfani ne ke cike bayanin da kansa, kuma ba kowane ake bincika ba. Wannan giɓi daidai ƙarfinku yake.

Ku ɗauki jerin kamfanonin da suka sami manyan kwangiloli a jiharku cikin shekara biyu, ko masu lasisin haƙar ma'adinai a ƙananan hukumominku, kada su wuce ashirin ko talatin. Ku nemi kowanne a rajistar CAC, ku zuba abin da kuka gani a jadawali ɗaya: ranar rajista, adireshi, daraktoci, wanda aka ce shi ne mai iko, ranar da aka ba da kwangila, adadin kuɗi. Alamun za su fara fitowa da kansu. Kamfanin da aka yi wa rajista wata biyu kafin a ba shi aikin biliyoyi. Kamfanoni uku da suka yi takarar kwangila ɗaya alhali adireshinsu ɗaya ne, ko lambar wayarsu ɗaya. Gurbin mai iko da aka bari fayau, ko aka rubuta sunan wani kamfani na tsibiran British Virgin maimakon sunan mutum mai rai, alhali manufar dokar ita ce a kai ga mutum. Sunan da ya yi ta maimaituwa, wanda in kun tambaya a gari za a ce muku direban wane ne ko ƙanin matarsa. Wannan na ƙarshe babu wata ƙungiyar Turai da za ta iya gano shi. Ku je adireshin da ƙafarku, ku ɗauki hoto. Sau da yawa shagon caji za ku tarar, ko fili.

Daga nan ku leƙa waje. Rajistar kamfanonin Ingila kyauta ce, har da bayanan kuɗin shekara, kuma tun 2022 kamfanin waje da ya mallaki gida ko fili a can dole ya bayyana mai shi. Ƙungiyar 'yan jarida ta ICIJ ta ajiye sunayen da suka fito daga takardun sirri na kamfanonin ɓoye dukiya da aka fallasa, wato na Panama na 2016 da na Pandora na 2021, a rumbun da kowa zai iya bincika. Manyan kamfanonin mai da ma'adinai da ke da rajista a Ingila, Tarayyar Turai da Kanada dole su wallafa abin da suka biya kowace gwamnati duk shekara, sakamakon fafutukar da gamayyar Publish What You Pay ta fara a 2002. Ku gwada shi da rahoton NEITI na shekarar. Ku tuna fa, fitowar suna a irin waɗannan takardu ba laifi ba ne a karan kansa. Yana zama abin tambaya ne in mutumin jami'in gwamnati ne da bai bayyana kadarar ga hukumar ɗa'ar ma'aikata ba, ko yana cikin waɗanda tsarin mulki ya hana riƙe asusun banki a waje, irin su gwamna, minista, kwamishina da ɗan majalisa.

Abin da ba ku samu a fili ba ku nema da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Hukuma na da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara 7 in takardun na da yawa, in ta yi shiru an ɗauka ta ƙi, kuna da kwana 30 ku je kotu. Jihohi sun daɗe suna cewa dokar ba ta hau kansu ba, amma a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta hau. Inda ake kuskure shi ne a rubuta wasiƙa a ce a ba mu duk bayanan kwangilolin ma'aikata. Irin wannan ba a amsa ta. Ku nemi takarda da sunanta: kwafin takardar ba da kwangila mai lamba kaza, takardar shaidar kammala aiki, ranakun biya da sunan asusun da aka biya. Ku kai da hannu, a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku da kwanan wata, don ba tare da shi ba lauya ba shi da abin kai wa alƙali. Bayanan harajin kamfani kuwa ba za a ba ku ba, doka ta rufe su. Manyan rukunonin kamfanoni na miƙa wa hukumar haraji rahoton ribarsu da harajinsu ƙasa-ƙasa tun 2018, amma a sirrance, shi ya sa neman a riƙa wallafa shi ke cikin manyan buƙatun masu wannan fafutuka a duniya.

Kafin ku fitar da komai, ku rubuta wa wanda abin ya shafa, ku jera masa abin da kuka gano, ku ba shi mako biyu ya amsa, ku kuma buga amsarsa yadda take. Lauya ya karanta kowace jimla. Ku rubuta abin da takarda ta nuna, ku bar wa kotu kalmar ɓarawo. Sannan ku kai koke a rubuce inda ya dace: EFCC ko ICPC in wawura ce ko halasta kuɗin haram, hukumar haraji in farashin da kamfani ke sayar wa ɗan'uwansa ne, kwastan in takardar kaya ce, CAC in ƙarya aka yi a rajista. Koke mai shafi biyu da hujjoji masu lamba a bayansa ya fi littafi guda na ƙorafi. Ku haɗa kai da waɗanda suka riga ku, irin su CISLAC da HEDA da SERAP da ANEEJ, ko ROTAB a Nijar, da 'yan jarida masu bincike irin na Premium Times ko cibiyar CENOZO ta Afirka ta Yamma, don labarin da ya fito a wuri uku rana ɗaya ya fi wuyar dannewa.

Kada kowa ya ce muku babu haɗari. A Nijar, bayan binciken ma'aikatar tsaro ya nuna ɓatan biliyoyin sefa ta aringizon kwangilar makamai, an fito zanga-zanga a Yamai ranar 15 ga Maris 2020, aka rasa rayuka, aka tsare Maikoul Zodi da wasu 'yan ƙungiya biyu sama da wata shida. Ɗan jarida Moussa Aksar, wanda ya bi sawun kuɗin zuwa waje, ya sha ƙarar ɓata suna. A Najeriya shugaban HEDA, Olanrewaju Suraju, ya fuskanci tuhuma ƙarƙashin dokar laifukan intanet kan maganar OPL 245 kafin a janye ta. Wanda ya fi ku shiga haɗari shi ne ma'aikacin da ya ba ku takarda. Tsarin tukuicin masu fallasa na Disamban 2016 ya yi alkawarin kashi 2.5 zuwa 5 na abin da aka ƙwato, amma tsari ne na ma'aikatar kuɗi, bai da ƙarfin dokar da za ta hana a kore shi ko a tsangwame shi. Kada ku tura hoton takardarsa yadda yake. Lambar kwafi, sa hannu a gefe, ko bayanan da waya ke liƙa wa hoto sun isa su tona shi. Mutum biyu kawai a ƙungiya su san sunansa.

Akwai ɓangaren da ƙananan ƙungiyoyi suka fi kowa amfani a cikinsa, kuma an fi mantawa da shi: bin kuɗin bayan sun dawo. Lokacin da Suwizalan ta fara mayar da kuɗin Abacha a tsakiyar shekarun 2000, an zuba su cikin kasafin kuɗi ba tare da alama ba, binciken da Bankin Duniya da 'yan ƙungiya suka yi a 2006 ya tarar da ayyukan da ba a gama ba da waɗanda aka kasa tantancewa. Wannan darasi ya sa yarjejeniyar Disamban 2017 ta dala miliyan 321 ta ƙayyade cewa a raba su ga matalauta, naira 5,000 a wata, ANEEJ kuma ta jagoranci sa ido. Aikin mai sa ido a nan a bayyane yake: ya riƙe jerin sunayen da aka ce an biya, ya tsaya a wurin biya, ya bi matan gida-gida ya tambaye su nawa aka ba su a hannu, wata nawa aka tsallake, wa ya karɓi wani abu a ciki. Dala miliyan 311 da suka dawo daga tsibirin Jazi (Jersey) da Amurka a 2020 an ware su ne ga hanyar Legas zuwa Ibadan, gadar Neja ta biyu, da hanyar Abuja zuwa Kano, aka ɗora wa gidauniyar CLEEN sa ido. Duk wanda ke bin hanyar Kaduna yana da haƙƙin tambayar nawa daga ciki aka zuba a wane yanki, aka biya wane ɗan kwangila, a wace rana. Dokar sarrafa kadarorin da aka ƙwato ta 2022 ta wajabta wa hukumomi ajiye bayanan abin da suka ƙwace da zuba kuɗin a keɓaɓɓen asusu. Ku nemi jerin gidaje da filayen da aka ƙwace a jiharku, da wanda ya saya, da farashin.

Game da dokokin duniya, a taƙaice: ƙasashen Afirka sun nemi a mayar da tsara ƙa'idojin haraji hannun Majalisar Ɗinkin Duniya a taron Addis Ababa na Yulin 2015, ƙasashe masu arziki suka ƙi. A shekarar ne gamayyar ƙungiyoyin Afirka ta ƙaddamar da gangamin Stop the Bleeding a Nairobi. Najeriya ta ƙi sa hannu a yarjejeniyar haraji ta OECD ta 2021, sannan ita ce ta gabatar wa Majalisar Ɗinkin Duniya ƙudurin a tsara yarjejeniyar haraji a can, a madadin ƙasashen Afirka. A Nuwamban 2023 ƙasashe 125 suka goyi baya, 48 suka ƙi, 9 suka ƙaurace. Ana tattauna yarjejeniyar har zuwa 2027, ko da yake Amurka ta fice a Fabrairun 2025. Ba sai kun je New York ba. Sashe na 12 na tsarin mulki ya ce babu yarjejeniyar da za ta zama doka a Najeriya sai Majalisar Tarayya ta amince da ita, wannan ya haɗa da kowace yarjejeniyar haraji da wata ƙasa. In irin wannan ƙuduri ya zo gaban kwamitin kuɗi, ku aika takarda mai shafi biyu ta hannun ɗan majalisar mazaɓarku da magatakardan kwamitin, da tambayoyi uku: nawa za a rage a harajin da ake cirewa daga riba da ruwan bashi da kuɗin amfani da suna kafin a tura su waje, wace ƙasa ce za ta karɓi haraji in an sayar da hannun jarin kamfanin da kadarorinsa ke Najeriya, kuma ina lissafin ma'aikatar kuɗi na abin da za a rasa a shekara.